Tukunyar Dutse Daga Farasan

A layinmu na unguwar Gubaira a birnin Riyad, da an sallame sallar magariba sai a shimfiɗa wata tsohuwar darduma a ƙofar gidan da muke haya, tsakanin garejin masu gyaran mota da shagon mai walda. Nan ce majalisar mazan layin. Katsinawa, mutanen Maraɗi da na Damagaram, direbobi da leburorin gini, duk wanda igama, takardar izinin zama, ta haɗa. Mai iyali ya sauko da kwanonsa, gwauro ya sauko da hannunsa. Su zauna cikin warin baƙin mai suna cin abin da mata suka yini suna dafawa, suna gyara duniya da baki: wane kafili, wato ubangidan da ya tsaya wa baƙo, ne mugu, wane ne ya fi shi mugunta.

Maigidana yana cikinsu, kuma ba ya fashi. Tun da aka ɗaura mana aure, can gida da nan Riyad, ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Ko sau ɗaya. Zan gama girki in zuba masa a kula, in goge gefenta, ya ɗauka ya sauka, ni kuma in kankare gindin tukunya in zauna gaban mukayyif, esin nan na taga, ina ci ina jiyo dariyarsu daga ƙasa. Yaranmu suna gida wajen kakarsu saboda makaranta, don haka ko mai ɓata mini loma ba ni da shi.

Ni kuwa da littattafan soyayya na tashi. Tun ina 'yar makaranta nake karɓo hayarsu a wani shago a bakin kasuwar garinmu, in ɓoye a cikin hijabi. A cikinsu babu majalisa. Miji zai dawo daga aiki ya tarar da ƙamshin turaren wuta, matar ta zuba musu a faranti ɗaya, ya ɗebo loma ya kai bakinta, ta lumshe ido. Na san akwai masu cewa ƙarya ake rubutawa. Gidan sama da motoci a jere, to, a ce an yi ƙari. Amma faranti ɗaya? Wace tsada gare shi? Shi kaɗai na ɗauka daga littattafan nan na riƙe a raina, kuma shi ɗin ne ya gagara.

Na taɓa gwadawa. Yana ɗaukar kula na ce, "Malam, yau ka zauna mu ci tare mana."

Ya dube ni kamar na ce ya tafi masallaci ba riga. "Ni da ke? To in su Alhaji suka ga ban sauko ba, in ce musu me?"

"Ka ce kana wajen matarka."

"Subhanallahi. Ke dai littattafan nan sun gama da ke."

Ba mugu ba ne, kar a fahimce ni a karkace. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kunya ce ke tuƙa shi, yadda shi yake tuƙa motar siminti ta kamfaninsu. Inda ta juya kai, can yake bi.

Sana'ata lalle. Wata rana ina zana wa wata amarya a unguwar Shifa, ƙawarta ta nuna mini hoton wani ruwa a waya, shuɗi tas, da farin yashi a bakinsa. Ta ce tsibirin Farasan ke nan, can kudu, sai an shiga jirgin ruwa daga Jizan. Ban ma gama kallon kyan wurin ba tunani ya zo mini: wannan ruwa dai darduma ba ta iya tsallake shi.

Na yi wata da watanni ina ɗiga masa maganar kamar famfo mai yoyo. Da zafi ya tsananta aka ba shi hutu, sai ya ce to, a je a ga ruwan, ko kunnensa ya huta. Na ɗinka doguwar riga ruwan hoda mai duwatsu a wuya. Na sayi kyandir mai ƙamshi. Na zana wa kaina lallen da nake yi wa amaren unguwar Nasiriya, wanda ban taɓa samun dalilin yi wa hannuna ba.

Sai dai ba mu da mota. Maigida ya je aro wajen amininsa, babban mai baki na majalisar, wanda kowa ke kira Alhaji, ni kuma a raina mai mota nake ce masa. Ya daɗe a Saudiyya, iyalinsa suna gida, tsofaffin kayan gyaran mota yake sayarwa. Mutumin ya ce motarsa ba ta san hannun kowa ba sai nasa, amma mafi mushkila, ba damuwa, shi da kansa zai kai mu. Wato dardumar da nake gudu ta naɗe kanta ta shigo mota, ita ce ma a kan sitiyari.

Da asuba aka cusa ni a baya, tsakanin wata ƙaramar tukunyar gas da wani buhu mai wari-wari.

"Alhaji, wannan kaya fa? Hijira za mu yi?"

"Guzuri ne, amaryarmu. Ke ba ki san mutanen kudu ba, ni na san su. Ya'ani, ƙauyawa ne. Wallahil azim sai kin gode mini."

Daga baya na ji bai taɓa taka kudun ba. Amma tun daga Riyad har Jizan bakinsa bai huta ba. Ya yi mana bayanin hamada. Ya yi mana bayanin raƙumi, mu da muka tashi muna ganin raƙumi a kasuwa. Larabcin nasa kalmomi ne da ba su cika tafin hannu ba, yana ta juya su kamar mai suyar ƙosai. Maigida kuwa daga "Haka ne, Alhaji" sai "Ƙwarai, Alhaji."

Muka kwana a Jizan, da safe muka shiga jirgi har da motar. Ranar na fara ganin teku. Kamar an kwance shuni a wani baho da ba shi da gefe, rana tana farfasa kanta a kai. Na jingina da taga na ji idona ya ciko. Na ce a raina, ga shi, ashe masu rubutun nan ba su ma faɗi rabi ba. Tekun ya ƙara mini da wani alheri: ya juya wa mai mota ciki, ya kifa kai a gwiwa, aka samu shiru.

Shi ya zaɓa mana otal, wai ya san wani da ya san wani. A hoton da ya nuna mana, teku yana shimfiɗe a ƙofar ɗaki. Gaskiya ne ana ganin tekun, in ka hau gado ka karya wuya ka leƙa tsakanin tankin ruwa da kwandon talabijin. Rabin haruffan allon otal ɗin sun zube. Kafet ɗin ɗakin, Allah kaɗai ya san launin da aka haife shi da shi. Mukayyif yana ruri kamar injin markaɗe, yana ɗiga a cikin tsohon bokitin fenti. Tawul ɗin da aka ajiye mana ya yi sirantar da za a iya tace koko da shi. Ruwan famfo kuwa ga zafi ga gishiri, saura kuɓewa kawai ya zama miya. A bango an rataye hoton dutse mai ƙanƙara, don a ƙara wa mai gumi baƙin ciki. Maguna kuma a kan matakala, kowace da hawanta, ba mai matsa wa baƙo.

Mai otal ɗin wani dattijo ne siriri, ɗaure da zane a ƙugu. Ya ce masu iyali sama, gwauraye ƙasa. Na yi hamdala a ɓoye. Ya ce ba su da ɗakin cin abinci. Mahaifiyarsa ce ke girki a gidan da ke bayan otal, kuma bayan sallar azahar kowane ɗaki ana kai masa tire ɗaya. Abin da ta dafa wa jikokinta shi baƙo zai ci, ba zaɓe, ba tambaya.

Tire ɗaya. Na ji kalmar ta sauka a ƙirjina kamar an yayyafa mini ruwan sanyi.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Kifi ne babba, an tsaga shi an shafe da jan yaji an gasa, gefensa ya yi baƙi-baƙi. Ga wata gurasa mai kauri da suke ce wa hamir, ga ɗan kwanon miyar tumatir da barkono da lemon tsami, ga kuma wani abu kamar dambu mai danshi yana sheƙin man shanu. Na yi maza na sa rigar ruwan hoda, na ja labule, na kunna kyandir duk da rana tana tsaka. Maigida ya wanke hannu. Sai na ga ya miƙa hannun nan da ya wanke ya ɗauki hularsa.

"Ke ci wannan, ni bari in sauka wajen Alhaji."

"Malam, shi ma fa an kai masa nasa."

"Ai shi ya sa. Mutum ya tuƙo mu tun daga Riyad, a bar shi ya ci abinci shi kaɗai kamar maye?"

"To ni fa?"

"Ke ai kin saba."

Ya ja ƙofa. Na hure kyandir. Na zauna da niyyar ko kallon tiren ba zan yi ba, a mayar musu da kayansu. Amma ƙamshi ba ruwansa da fushin mutum. Na ɗan yagi gefen hamir don in ji me ya sa take wannan ƙamshin da na sani, sai na ji dawa. Dawa zalla, mai ɗan tsamin ƙullun masa da ya kwana, ga ƙaurin itace a jikinta. Na dangwala a miyar, na ɓantali kifin. Naman fari sol, yana rabuwa fala-fala, da ka ci ka san da safen nan yana cikin ruwa yana harkarsa. Abin nan mai kama da dambu ashe gurasa ce aka marmashe da ayaba da zuma da man shanu, marsa suke kiransa. Ina ci ina jin haushi, ina jin haushi ina ƙara loma. A wannan kangon, a kan wannan kafet, aka ba ni abincin da ban ci kamarsa ba tun da na baro hannun mahaifiyata.

Da yake ni mace ce, kuma ni kaɗai a ɗakin, tsohuwar da kanta ta hawo ɗaukar tire. Gajera ce, cikin baƙar riga, tana ƙamshin hayaƙi da fure. Na gaishe ta da ya Hala, kamar a ce gwaggo. Larabcina na gidajen lalle ne, nata na kudu, amma da baki da hannu muka fahimci juna. Ta tsaya tana kallon kifin. Gefe ɗaya na cinye har ƙashi, ɗaya gefen yana nan ba a taɓa ba.

"Mijinki ba lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau, ya Hala. Yana ƙasa wajen abokinsa."

"Abokin ya aura?"

Na ce haka al'adarmu take, maza da maza suke ci.

Ta ja tsaki irin wanda ba ya bukatar tafinta. "Namu ma haka. Nawa har ya mutu ban san da wane gefen baki yake tauna ba. Na dafa, a fita da shi, a dawo mini da ƙashi."

Washegari da safe ta aiko in zo in taya ta hira. Madafinta tsakar gida ce kawai, da tanderun ƙasa mai zurfi. Tana manna ƙullun dawa a cikinsa da tafin hannu kamar wutar ba ta san ta ba. A gefe ga wasu baƙaƙen tukwane a jere, waɗanda aka sassaƙa daga dutse. Ta ce sunansu magash. A zuba nama da kayan miya, a zura a tanderu tun hantsi, a rufe, sai azahar. Na gwada ɗaga ɗaya ba komai a ciki, na ji kamar turmi.

Ina dawowa na jiyo muryar mai mota daga ɗakinsa, yana yi wa maigida huɗuba.

"Dawa! Na baro dawa a Katsina, na keta hamada, na hau teku har hanjina ya kusa fita, don a zo a ba ni dawa? Ina shinkafa kabsa? Ina kaza? Yau za ka ci abincin mutane, ya ahi. Ni zan dafa."

Da aka kai masa tirensa, ko buɗewa bai yi ba. Ya tura shi waje da ƙafa, ya rufe ƙofa da taga don kar a gani, ya kunna gas. Dafa-duka ya ɗora, da manja da busasshen kifi da daddawa, mutumin da tun da ya zo Riyad a kwanon matan wasu yake ci, bai san ana zuba wa shinkafa ruwa kafin ta fara kuka ba. Maigida yana zaune a ciki, kunya ta ɗaure masa baki.

Ni ba zan zagi daddawa ba, ita ta raine ni. Amma daddawa 'yar tsakar gida ce, iska take so. In ka kulle ta a ɗaki, ka ƙona ta da manja, ka bar mukayyif yana hura ta, abin da zai fito ba na gidan mutane ba ne. Ina cikin cin gefena na tire warin ya hawo bene. Na gane shi nan take, kamar muryar ɗan uwa a cikin kasuwa, na yi kamar ban san shi ba. Wasu masu iyali da ke ɗakin kusa da namu suka fito da mayafi a hanci. Mai otal ya ɗauko sanda yana bin magudanar ruwa yana zungura, yana neman abin da ya mutu.

Na tsaya a saman matakala ina kallo. Hanci ya kai dattijon ƙofar mai mota. Ya buga, aka buɗe, hayaƙi ya turnuƙo, sai ga gwanin kudu da singileti da ludayi a hannu, ido jajur.

"Mafi mushkila, ya'ani, shuwayya, ɗan kaɗan kawai..."

Ana cikin haka tsohuwar ta iso. Ba ta dubi hayaƙin ba, ba ta dubi mai ludayin ba. Ƙasa ta duba. Tirenta yana nan a kan siminti, maguna sun ture murfin, sun ja kifin gefe, hamir tana cikin ƙura. Ta sunkuya da ƙyar, ta kore su, ta ɗauki gurasar ta kakkaɓe, ta sumbace ta ta kai goshi. Sannan ta ce wa ɗanta, a hankali, wannan ɗaki ba shi da sauran tire a wajenta. Dattijon ya shiga ya ɗauke tukunyar gas, ya ce sai ranar tafiya.

Maigida yana tsaye a baya, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Ban taɓa ganin kunya ta kama shi haka ba. Ranar da biskit suka yini, shi da amininsa. Ni kuwa na koma na ƙarasa gefena, har da lashe yatsa.

Da la'asar ya ce in raka shi ya ba tsohuwar haƙuri, tunda gidan mata ne ba zai shiga shi kaɗai ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar mai gaida surukai.

"Ya Hala, a yi mana haƙuri. Mu baƙi ne, ba mu san..."

"Ban dafa haƙuri ba, ɗana, abinci na dafa." Tana tsinke kuɓewa, ba ta ɗago ba. "Ɗakinku mutum biyu ne, tirena yana dawo mini da cin mutum ɗaya. Wancan ya ba mage, kai ka juya masa baya. Faɗa mini bambancinku."

Ya sunkuyar da kai ya miƙe. Muka koma ɗaki.

Washegari ita ce ranar ƙarshe, don in an kwana jirgin safe za mu bi. Tire ɗaya ya rage mini a tsibirin nan, in ya wuce shi ke nan, sai darduma har abin da Allah ya yi. Tun safe mai mota ya zagaya gari ya dawo da bushara, wai ya gano inda ake soya kaza kamar ta Riyad. Ana idar da azahar ya tada mota a ƙarƙashin tagarmu ya fara danna hon. Na ga maigida ya ɗauki hula. Rigar ruwan hoda tana cikin jaka, kyandir ɗin ma zafi ya lanƙwasa shi ya koma kamar ƙugiya. Zanen gida ne a jikina.

Yana buɗe ƙofa ya yi kiciɓis da tsohuwar, ɗanta a bayanta ya rungumo wani katako da tsumma, magash a kai. Dattijon ya dire ta a tsakiyar ɗaki ya fita yana hura yatsu. An raba ta da wuta tun daga bayan gida, an hawo da ita bene, amma har lokacin tafasa take yi, ɓul-ɓul, dutsen ya ƙi sakin zafinsa. Naman akuya ne da kuɓewa da dankali, romon ya yi kauri ya yi ja. Tsohuwar ta ajiye hamir a gefe. Ba faranti, ba ludayi. Sannan ta jawo wata kujerar roba ta kafa a saman matakala, ta zauna ta ba mu baya, ta fito da carbi.

Maigida ya dubi tukunyar, ya dubi ƙofa, ya dubi taga.

"Ba wani kwano a ɗakin nan in ɗibar miki?"

"Babu, Malam. Otal ɗin Alhaji ne fa. Kofin shan ruwa ma ɗaya ne."

Ya kai yatsa gefen dutsen ya janye da sauri ya sa a baki. Hon ya ƙara tashi. Ya leƙa waje, ya ga bayan tsohuwar ya cika hanyar sauka, ko mage sai ta nemi izini. Kunyar aboki tana ja ta taga, kunyar tsohuwa tana zaune a ƙofa, shi yana tsakiya da hula a hannu. Can sai ya taka zuwa taga ya buɗe.

"Alhaji! Je ka kawai, an riƙe ni!"

"Wa ya riƙe ka?"

"Tsohuwa!"

"Wace tsohuwar, ta gidan ko ta ɗakin? Allah ya shirye ka, mijin-ta-ce!"

Motar ta fizga ta tafi. Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mini daɗi kamar ta salansar nan tana nisa ba.

Ya rataye hula. Ya zauna a karkace, kafaɗa ɗaya tana kallon bango, kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa. Na zauna a ɗaya gefen. Mukayyif yana markaɗensa, ruwa yana ɗiga a bokitin fenti. Ya yagi hamir, ya yi bisimilla, ya sa hannu, na sa nawa.

Shekara da shekaru ina dafa wa mutumin nan abinci, ashe ban taɓa ganin yana ci ba. Ban san kuɓewa yake fara tsinta kafin nama ba. Ban san yana naɗe ƙaramin yatsansa kar ya taɓa miya ba. Ban san in abu ya yi masa daɗi yana rufe ido ɗaya ya girgiza kai ba, abin da mazan layi suka daɗe da sani game da girkina, ni mai girkin ban sani ba. Tukunyar ƙarama ce, ba yadda hannu biyu za su shiga ba su gogi juna ba. Da yatsunsa suka taɓa nawa a cikin romon, ƙirjina ya buga irin bugun da ake rubutawa, kuma duk wanda ya ce ba a yi, bai taɓa jira ba ne.

"Ci mana," ya ce, bai ɗago ba. "Kin zuba mini ido kamar yau kika fara ganina."

"Yau na fara."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Bai ba ni a baki ba, ba zan yi masa ƙari ba. Amma ya laluba ƙasan tukunyar ya samo wata tsoka mai haɗe da ƙashin ɓargo, ya turo ta gefena da gutsuren hamir, yana kallon hoton ƙanƙarar nan na bango kamar ba hannunsa ne ya yi ba. Naman ya yi laushin da ba ya bukatar haƙori. Kuɓewar ta narke a romon, tsamin dawa yana yanka maiƙon. Muka ci muna gumi har dutsen ya huce. Gutsuren ƙarshe ya share tukunyar da shi, ya raba biyu.

Da ya shiga wanke hannu, tsohuwar ta taso. Ta leƙa tukunyar, ta juya ta ta duba kowane gefe. Sannan ta matso kusa da kunnena.

"To? Wane gefe?"

"Hagu, ya Hala."

Ta yi dariya har sai da ta dafa ƙofa.

Da jirgi ya sauke mu a Jizan, maigida ya ce a tsaya kasuwa. Ya daɗe, ya dawo rungume da wani abu a kwali yana nishi. Mai mota ya yi ta mita har Riyad, wai dutse zai karya masa bayan mota, wai mutane suna tsaraba da turare mu muna yi da turmi. A majalisa kuma ya ba da labarin tsibirin yadda ya ga dama: ba komai can sai dawa da maguna da wata tsohuwa marar mutunci. Zancen gas bai shigo ciki ba.

Maigida ya koma dardumarsa, ba zan ce ya sake ba. Kula tana sauka kullum, ina kankare gindin tukunya kamar da. Sai ranar Juma'a. Ranar tun da rana nake zura magash a tanderun gas, kuma ɗakinmu a sama yake, matakalar gidan ga tsayi ga ƙunci. In an sallame magariba ya leƙa ta taga ya ce musu, "Yau ta dutse ce, ba ta saukowa, hannu take ƙonawa." Su yi masa ihu, su kira shi sunan da suka saba, shi kuma ya rufe taga ya zauna a karkace.

Hamir ɗina har yanzu ba ta kai ta tsohuwar ba, gas ba ya ba da ƙaurin itace. Amma ƙamshin yana sauka ƙasa, na sani. Juma'ar da ta wuce, muna gama ci, na jiyo muryar wanda ya baro dawa a Katsina tana tasowa daga kan darduma.

"Amaryarmu! Ko akwai ɗan saura?"

Na leƙa ta taga na ce, "Ayya, Alhaji, mage ta riga ka."